Amsa: Ina aka kwana da hedikwatar Stasi ta Berlin?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko an rushe hedikwatar Stasi, hukumar leƙen asirin tsohuwar Jamus ta Gabas, bayan faɗuwar katangar Berlin. Ba a rushe ta ba. Tana nan a unguwar Lichtenberg, kuma rukunin gine-gine ne masu yawa da suka cinye unguwa guda.

An kafa hukumar a 1950. Ginin da ake kira Gida na 1 an kammala shi a 1961, nan ne ofishin Erich Mielke, wanda ya shugabanci hukumar daga 1957 har 1989. Ranar 15 ga Janairu 1990 dubban mutane suka kutsa harabar, domin an ji ma'aikata na lalata takardu don ɓatar da sawu. Kafin shekarar ta ƙare aka mai da ginin gidan tarihi. Ofishin Mielke yana nan yadda ya bar shi, da teburinsa da wayoyinsa.

Ni abin da ya fi taɓa min zuciya takardun ne. In aka jera su za su kai kimanin kilomita 111, ban da buhuna dubbai na waɗanda aka yayyaga da hannu, har yanzu ana ƙoƙarin haɗa su. Tun 1992 kowa na da ikon neman fayil ɗinsa. Wasu sun buɗe suka tarar aboki ko maƙwabci ne yake kai rahotonsu, wasu ma miji ko mata. A 2021 aka miƙa takardun ga ma'adanar tarihi ta tarayyar Jamus.