Jirgin ruwan ƙasar da ba ta yaƙi: shin tuta tana kare shi?

Tambaya: Ɗana yana aiki a jirgin ruwa na dakon kaya, hankalina ba ya kwance. Dillalin da ya samar masa aikin ya ce tunda ƙasar da jirgin ke ɗauke da tutarta 'yar ba-ruwanmu ce, ba mai taɓa shi ko ana yaƙi. Haka ne?

Amsa: Hajiya, Allah ya tsare yaron. Dillalin nan dai bai gaya miki gaskiya ba.

Ga tarihin Rijndam, jirgin fasinja na kamfanin Holland America Line da aka ƙera a Belfast a 1901. Holan ba ta shiga Yaƙin Duniya na Farko ba. Duk da haka, ranar 20 ga Maris 1918 Shugaban Amurka Woodrow Wilson ya ba da umarni a karɓe jiragen Holan da ke tashoshin Amurka, sama da 80. Rijndam na cikinsu. Sojojin ruwan Amurka suka hau, ya koma jigilar dakaru zuwa Faransa. Holan ta yi ta ƙorafi, ba abin da ya sauya, don tsohuwar ƙa'idar yaƙi ta yarda mai yaƙi ya karɓi dukiyar ɗan ba-ruwanmu da ke ƙasarsa idan buƙata ta tsananta, da sharaɗin biyan diyya. Sai 1919 aka mayar da jirgin ga masu shi.

Zancen wai tuta kariya ce ya ishe ni. Kullum sai na ji shi daga bakin dillalai da masu sharhin Facebook waɗanda ba su taɓa taka tashar jirgi ba. Tuta ba laya ba ce. Jirgin Tubantia ma na Holan ne, Jamusawa suka nutsar da shi a Maris 1916. Kuma da zarar soja sun karɓi jirgi, abokan gaba ba sa tambayar asalinsa. Ranar 31 ga Mayu 1918 Rijndam na cikin ayarin da jirgin ƙarƙashin teku na Jamus ya kai wa hari, aka nutsar da jirgin Amurka mai suna President Lincoln a kusa da shi. Diyyar ma, mai jirgi ake biya. Shi ma'aikacin jirgi, abin da takardar aikinsa ta ce kawai zai samu. Wanda ya karɓi kuɗin iyaye ya ɓoye musu wannan, ya ji tsoron Allah.

Ki sa yaron ya duba kwantiraginsa: akwai inshorar haɗarin yaƙi? Yana da ikon ƙin shiga yankin da ake faɗa, a mayar da shi gida a kuɗin kamfani? In babu, ya tuntuɓi ƙungiyar ma'aikatan jiragen ruwa kafin jirgin ya sake tashi.