Sulhu ne, ko ƙulla hulɗa?

Wani mai sauraron rediyo daga Maraɗi ya aiko da tambaya: "Malam, kan batun Larabawa da Isra'ila, wani gidan rediyo ya ce sulhu, wani ya ce maido da hulɗa, wani kuma daidaita dangantaka. Duk abu guda ne?"

Ba abu guda ba ne, Malam, kuma na ji daɗin tambayar. Sulhu kalmar Larabci ce da muka ara tun da daɗewa. A bakin Bahaushe ba a sulhu sai an yi faɗa, kuma sai kowane ɓangare ya saki wani abu. Masar ta gwabza da Isra'ila a 1948 da 1956 da 1967 da 1973. Shugaban Masar Anwar Sadat da Firaministan Isra'ila Menachem Begin suka zauna a Camp David da ke Amurka a 1978, aka sa hannu kan yarjejeniya a watan Maris na 1979, Masar ta karɓi yankin Sinai, ita kuma ta amince da Isra'ila a matsayin ƙasa. Wannan sulhu ne cikakke. Haka na Jodan a 1994. Kalmar nan ce ma shugabannin Larabawa suka yi amfani da ita a taron Khartoum na 1967, inda suka ce ba sulhu, ba amincewa, ba tattaunawa.

Amma Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Bahrain, waɗanda suka sa hannu kan yarjejeniya da Isra'ila a fadar White House ranar 15 ga Satumba, 2020, ba su taɓa yaƙi da Isra'ila ba. Me aka sulhunta? Faɗan da ake magana a kai na Falasɗinawa ne, kuma ba su cikin zaman. Shi ya sa nake roƙon 'yan jarida su ce ƙulla hulɗa a nan. Wanda ya ji "an yi sulhu" zai ɗauka rikicin ya ƙare, alhali kuwa yana nan.

Maido da hulɗa kuwa sai ga wanda ya taɓa yi aka yanke. Najeriya ta yanke a 1973 ta maido a 1992. Chadi ta maido a 2019.

Saura daidaita dangantaka. Ba laifi, sai dai ta rufe wani abu da kalmar Larabawa ta buɗe. Su suna cewa taɗbi'i, tushenta ɗaya da ɗabi'a da muke da ita a Hausa. Ma'anarta a mayar da abu ɗabi'a, wato ya zama jiki: jirgi ya tashi daga Dubai ya sauka Tel Aviv, a yi ciniki, a buɗe ofishin jakadanci, ba mai ɗaga ido. Masu adawa da abin, wannan zama jikin suke tsoro, domin a taron Beirut na 2002 Larabawa sun gindaya sharaɗi cewa sai Isra'ila ta janye daga yankunan da ta mamaye a 1967, an kafa ƙasar Falasɗinu, sannan a yi hulɗa. A 2020 sai aka ba da hulɗar kafin a cika sharaɗin.

Wata ɗaliba daga Zariya kuma ta ce ta karanta cewa Masar da Isra'ila suna zaman doya da manja, tana son bayani.

Ana faɗar haka ga waɗanda ke tare amma ba jituwa. A fahimtata, manja yana kwanciya a bayan doya ne, a kwano ɗaya suke, amma in ka gutsura cikinta fari ne. Karin maganar ya zauna daidai a nan. Gwamnatocin biyu sun yi fiye da shekara 40 suna musayar jakadu, amma ƙungiyoyin marubuta da na 'yan jarida na Masar sun daɗe suna hana mambobinsu hulɗa da Isra'ila. Masar ta biya tsada saboda sulhun da ta yi: an dakatar da ita daga Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa daga 1979 zuwa 1989, an ɗauke hedikwatar daga Alƙahira zuwa Tunis, shi kuma Sadat aka harbe shi a wurin faretin soja a watan Oktoba na 1981.