An Rubuta Wa Yayana "Defendant" A Takardar Sammaci, Mai Laifi Ake Nufi?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. An kawo wa yayana sammaci daga Babbar Kotu kan rikicin fili da maƙwabcinsa, kuma gaban sunansa an rubuta "1st Defendant". Mahaifiyarmu ta kasa barci, gani take an riga an mai da shi mai laifi. Ina kuma jin "suspect" da "accused" da "respondent" a labarai. Duk abu ɗaya ne?
Wata mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki fara zuwa ki kwantar wa Hajiya hankali, ki ce mata ba a kama ɗanta da komai ba. "Defendant" na nufin wanda aka yi ƙara, wanda zai zo ya kāre kansa. Daga Faransanci kalmar ta shigo, domin bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, an daɗe ana amfani da Faransanci a kotunan ƙasar. Tushenta kāriya ne, babu ƙamshin laifi a cikinta. A kotun shari'ar Musulunci shi ne mudda'a alaihi, maƙwabcin kuma mudda'i. Lambar "1st" ɗin jerin sunaye ce kawai, tana nuna akwai wani da aka haɗa su a ƙarar. Ba ta nufin shi ne uban tafiya.

Rikicin fili shari'a ce tsakanin mutum da mutum, ba ta aikata laifi ba. Mai ƙara a irinta "plaintiff" ne, ko "claimant". Ingila ta bar ta farko ta koma ta biyu a 1999 don sauƙaƙa harshen kotu, wasu kotunanmu kamar Babbar Kotun Legas suka bi sahu, wasu suka tsaya kan tsohuwar.

Inda ake yawan ruɗewa shi ne shari'ar laifi, domin a can sunan mutum yana canzawa da kowane mataki. Wanda 'yan sanda suka kama bisa zargi amma ba a gurfanar da shi ba, "suspect" ne, wato wanda ake zargi. Idan aka kai shi gaban alƙali aka karanta masa tuhuma, da can sai ya zama "accused", wanda ake tuhuma. Wannan ce kalmar tsohuwar dokar bin shari'ar laifi da Arewa ta yi aiki da ita tun 1960, shi ya sa har yau ta zauna a bakin tsofaffin lauyoyi da 'yan jarida. Amma dokar gudanar da shari'ar laifi ta tarayya ta 2015 ta zaɓi "defendant" har ga wanda ake tuhuma da laifi, jihohi irin su Kaduna da Kano kuma suka yi nasu dokokin a kan wannan tsari. A ganina gyara ne mai kyau. "Accused" tana nuna mutum da yatsa, ita kuwa "defendant" tana tuna wa kowa cewa yana da bakin magana, wanda shi ne abin da sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanada: duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar. Sai alƙali ya same shi da laifi sannan ya zama "convict".

Nan ne nake da ƙorafi a kan yadda muke fassara. Sau da yawa za ki ji an ce "an gurfanar da ɓarawon" ko "masu laifin sun musanta tuhuma", alhali ko shaida ɗaya bai tsaya ba. Mutum zai yi shekara biyu yana zuwa kotu, a wanke shi tas, amma a unguwa sunan ya riga ya bi shi, har ya shafi auren 'ya'yansa. Hausa ba ta rasa kalmomi ba. Zargi daban, tuhuma daban, samu da laifi daban.

To da yake "defendant" ta shiga ɓangarorin biyu, ta yaya za ki gane irin shari'ar? Ki dubi sunan da ke sama da na yayanki. Idan sunan mutum ne ko kamfani, galibi rikicin haƙƙi ne. Idan kika ga "The State", ko "Commissioner of Police", ko "Federal Republic of Nigeria", galibi tuhumar laifi ce, hukuma ce ke ƙara. A Ingila harafin "R" ake sakawa, wato Sarki ko Sarauniya, a wasu jihohin Amurka kamar Kalifoniya kuma "People", wato jama'a.

"Respondent" kuwa mai ba da amsa ne ga koke ko ɗaukaka ƙara. A shari'ar da Atiku Abubakar ya shigar kan zaɓen shugaban ƙasa na 2023, shi ne "petitioner", wato mai koke, INEC da Bola Tinubu da APC su ne "respondents". Kuma sunan yana juyawa: da a ce yayanki ya sha kaye ya ɗaukaka ƙara, shi zai zama "appellant", maƙwabcin da ya fara kai shi kotu ya koma "respondent".

Abin da ya kamata ya dame ku shi ne wa'adi. Takardar tana ɗauke da adadin kwanakin da aka ba shi ya sanar da kotu zai kāre kansa. Idan ya jefa ta cikin durowa don tsoro ko fushi, kotu na iya sauraron maƙwabcin shi kaɗai ta yanke hukunci a bayan idonsa, kuma warware irin wannan yana cin kuɗi da lokaci. Ya ɗauki sammacin, da takardun filin, da sunayen waɗanda suka shaida cinikin ko rabon gadon, ya je wurin lauya cikin wannan makon.