Sabuwar ƙa'idar rajistar gidan marayu: shin majalisa za ta iya soke ta?

Tambaya: Ina riƙe da gidan marayu mai yara 18. Ma'aikatar jin daɗin jama'a ta jiharmu ta ba mu kwana 60 mu sabunta rajista bisa wata sabuwar ƙa'ida, ko a rufe gidan. Majalisar dokokin jiha ba ta zauna a kanta ba, mu ma ba a tuntuɓe mu ba. Ashe ba ta saɓa doka ba?

Amsa: Hajiya, ba lallai ba ne, kuma a nan ne nake ganin an ɗan karkatar da ke. Galibi dokar da majalisa ta yi tun farko ita ke ba kwamishina ikon tsara ƙa'idoji, saboda haka ba sai ya koma zauren majalisa ba. Haka nan Najeriya ba ta da wata doka guda da ta wajabta wa kowace hukuma jin ra'ayin jama'a kafin ta fitar da ƙa'ida, sai dai idan dokar jiharku ta faɗi hakan da bakinta. Ban ga dokar ba, ban ga takardar da aka ba ki ba, don haka ba zan yanke hukunci ba. Abin dubawa shi ne ko ƙa'idar ta zarce ikon da doka ta bayar, da kuma ko an buga ta a gazet, wato jaridar gwamnati da ake wallafa dokoki a ciki, idan dokar ta buƙaci haka.

Game da majalisa, sashe na 128 da na 129 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 sun ba ta ikon bincike da gayyatar jami'ai, domin gyaran doka ko tona cin hanci da sakaci da almubazzaranci. Amma ƙudurinta ba hukuncin kotu ba ne, ma'aikata na iya saka shi a durowa, kuma ba baƙon abu ba ne. Duk da haka, takardar koke ga kwamitin koke-koken jama'a na majalisar kan sa jami'an da ba sa amsa wasiƙa su zo teburin sulhu.

Shawarata, ki miƙa takardun sabuntawar kafin wa'adin, tare da wasiƙar da ke nuna ba ki yarda da sharuɗɗan ba, a buga miki hatimin karɓa a kwafinki. Sannan ku haɗu da sauran masu gidajen ku nemi zama da babban sakataren ma'aikatar kan ƙarin lokaci. Kotu tana nan, amma da tsada da jinkiri, yaran kuwa suna hannunki. Sai dai ki lura, wa'adin kai ƙarar jami'in gwamnati kotu sau da yawa wata 3 ne kacal, don haka ki nuna wa lauya takardun tun cikin makon nan.