Lambar rajista ba ta wanke talla

Malam, ka tambaya ko agogon hannun da ake tallatawa a Facebook, wai yana auna sukarin jini ba tare da huda yatsa ba, abin yarda ne tunda an buga masa lambar rajista. A'a. Hukuma tana yi wa magani ko na'ura rajista ne kan wani takamaiman aiki, kuma mai talla ba shi da hurumin wuce abin da aka amince da shi a takardar cikin kwali. A Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta yi gargaɗi cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe mai auna sukari shi kaɗai ba.

Haɗarin yana kan mai ciwon sukari da ke yin allurar insulin, maganin da ke sauke sukarin jini: in agogon ya nuna sukari ya hau alhali bai hau ba, sai ya ƙara allura, sukarin ya faɗi warwas har ya suma. Ita ma lambar, mai yiwuwa ta wani kayan ce aka kwafo, don haka ka bincika ta a shafin hukumar magunguna ta ƙasarku. In za ka kai ƙara, ɗauki hoton tallar da kwanan wata da sunan mai sayarwa tukuna, domin da sun ji motsi suke gogewa.