Da Gaske Ne Tauraro Yana Fashewa?

Malam, ka tambaya daga Nima ko tauraro yana mutuwa har ya fashe. Ƙwarai kuwa. Tauraron da ya ninka rana nauyi sau 8 ko fiye, wutar cikinsa ce ke tokare da nauyinsa. Yana cin sinadaran da ke cikinsa a matsayin makamashi: haidurojin, sai hiliyom, sai kabon, har cibiyarsa ta koma ƙarfe, makamashi ya ƙare. Cikin ƙiftawar ido cibiyar za ta rufta, sauran jikin ya tarwatse. Wannan ita ce sufanoba.

Wasu tun kafin ajali sukan yi ta aman iskar gas, kamar tauraruwar Eta Karina a 1843, kuma har yau tana nan. Abin da ya fi girgiza ni: a 1054 masanan Sin sun ga fashewar sufanoba da rana tsaka, har kwana 23.