Amsa: Ivan Mauger, yaya rayuwarsa ta kasance?

Ɗan'uwa, ka tambayi tarihin Ivan Mauger da yadda ya ƙare. Ɗan tseren babur ne na speedway, ɗan New Zealand, haifaffen Christchurch a 1939. Kada zamansa a Ostareliya ya ruɗe ka ka ɗauka ɗan can ne. Kuma tseren speedway daban yake da MotoGP, wato gasar tseren babura ta kan kwalta: babur ne mara birki, giya ɗaya, a zagaye fili sau huɗu.

Sau shida ya ci kofin duniya na speedway: 1968, 1969, 1970, 1972, 1977 da 1979. Na ƙarshen ya fi burge ni, domin yana dab da shekara 40 a lokacin.

Da tsufa ya kama shi, ciwon mantuwa ya same shi, ya rasu a birnin Gold Coast na Ostareliya a 2018. In bincike kake yi, tuntuɓi gidan tarihi na Canterbury da ke Christchurch, su ke riƙe da babur ɗinsa mai ruwan zinare.